Ranar da Allangba Ya Tambayi Labari na Biyu

Dimbokro, 3 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Ahou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara da kifinki kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, kogin N'Zi ya cika har ya kusa lasar gada, gwiwata kuwa ta san da zuwan damina tun kafin kogin ya sani.

Shekara shida ko bakwai da suka wuce, ban daɗe da ajiye hular aikin tashar jirgin ƙasa ba, wata mai soya ayaba ta ba ni wani labari. Wai a Abidjan akwai wani ɗaki da ake tara iyaye ranar Asabar, a jera su a kan benci kamar 'yan aji ɗaya. 'Ya'yansu ne ba lafiya, amma iyayen ake kira. Wai har wani tsohon jami'in kwastan, mutumin da direbobi ke cire hula tun daga nesa in sun hango shi, ya yi kuka a ɗakin nan sai da wata mata ta miƙa masa gefen zanenta. Na ce mata ayabarta ta fi labarinta nuna. Na ci, na tafi, na manta.

Jiya Drissa direba ya kawo mini 'yar takardarki, sai labarin ya dawo mini. Layi uku kika rubuta. Loukou yana wurinki, ba shi da lafiya, ana son ubansa ranar Asabar. Ahou, wace cuta ce wannan da ba ta son allura, sai kafinta?

Ubansa, ɗan'uwanmu Allangba kafinta, ya ce mini yaron ya tafi koyon gyaran lantarki. Na karɓa a haka. Amma matar maƙwabcinsa, wadda katanga ba ta taɓa hana ta ji ba, ta ce ranar da Loukou ya nemi hanya, wato izinin tafiya irin na al'adarmu, ubansa bai ba shi rabi ba. Ya ce masa, “Ɗauke ta duka.” Kin san ko mutumin da ya ɓata mana rai rabin hanya muke ba shi, mu riƙe rabi don ya dawo. Ban taɓa jin uban da ya ba ɗansa duka ba, shi ya sa ban gaskata ta ba.

Shekara talatin ni ke tambayar labari a duk taron gidanmu, na biki da na makoki. Na san kamannin labari na farko. Baƙo ya zauna, ya sha ruwa, ya ce ba komai, gaisuwa ce ta kawo shi. Ba mai hankalin da zai tashi a kan wannan. Takardarki labari na farko ce. Ina jiran na biyu.

Kada ki kira ni a waya. Jirage sun tafi da kunnena na hagu, na dama kuma sai abin da ya ga dama yake ji.

Ki gaida yara. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Kangah


Yopougon, Abidjan, 6 ga Yuni

Yaya Kangah,

Na gaishe ka, na gaida gwiwarka. Kifi lafiya lau, tunda aka soya shi bai sake ƙorafi ba.

Ga na biyun. Ka zauna kafin ka karanta.

Loukou zuciyarsa ba ta zuwa wajen mata. Maza take so. Sunan da ake jifan irinsu da shi a titi ba zai fito daga alƙalamina ba. Ya san kansa tun yana da shekara goma sha uku, ya kai ashirin yana ɗauke da abin shi kaɗai. Bayan Ista wani mai son a ce ya yi aikin Allah ya nuna wa Allangba wasu saƙonni a waya. Matar maƙwabci ba ta yi ƙarya ba, duka aka ba shi.

Ya iso mini da jaka ɗaya. Sati biyu yana taya ni wanke kifi, daga nan ya fara barin abinci, ya bar wanka, ya juya fuska ga bango. Na kira shi malalaci, Allah ya yafe mini. Na kawo fasto ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Ranar Laraba, sati uku ke nan, na kama hanyar kasuwa sai na tuna na bar makullin rumfa a gida. Na dawo na tarar ya yi yunƙurin kashe kansa. Ba zan faɗi yadda ya yi ba, kada ka tambaya. Da ban manta makullin nan ba, da mutum aka aiko maka, ba takarda ba.

Ya kwana huɗu a asibiti. Likitan ya tura mu wurin wata mata, Madam Ettien, mai kula da masu ciwon damuwa. Ɗakinta yana bayan wani kantin magani. 'Yar ƙabilar Agni ce, abokan wasanmu mu Baule, don haka tana jin sunana ta ce bayinta Baule sun iso. Na ce mata na ga sarauniya amma ban ga ko kujera mai ƙafa huɗu a fadarta ba. Loukou ya ɗan motsa baki. Rabon da in ga haka har na manta.

Tana ganinsa Talata da Juma'a. Sun rubuta wata takarda tare, ta abin da zai yi in duhun ya taso masa da waɗanda zai kira. Layi uku ne. Na farko ni, na biyu Madam. A na uku ya rubuta “Baba”, bai sa lamba ba. Ya san lambar da ka, Yaya. Madam ta ce magani da hira suna aikinsu, amma a shekara goma sha biyu da ta yi tana wannan aiki, yaron da ya san akwai ƙofa ɗaya a buɗe a gidansu ya fi saurin tashi. Shi ya sa take tara iyaye ranar Asabar. Mai ayabarka ba ta yi ƙarya ba.

Saura kai. Loukou ya ce ya zo wurinka sau uku a makon Ista, kafin abin ya fashe. Ya zauna a bencinka, ka ba shi ruwa, ka tambaye shi labari, ya ce ba komai. Ya jira. Kai mai tambayar labarin dangi, da ake aiko maka mota daga ƙauyuka, ba ka tambaye shi na biyu ba ko sau ɗaya.

Ban faɗa don in ƙona ka ba. To, kaɗan don in ƙona ka ne. Ka tashi ka kawo mini ƙanenka.

Ƙanwarka,
Ahou


Dimbokro, 12 ga Yuni

Ƙanwata Ahou,

Ina gaishe ki, ina yi miki yako, wato jaje, a kan abin da idonki ya gani ke kaɗai. Ki isar wa Loukou tawa, in zai karɓa.

Ƙunar ta kama, ki kwantar da hankalinki. Na tuna zuwan nan uku. Na farko ina jin ƙwallo a rediyo. Na biyu masu rigimar iyakar gona suna jirana. Na uku ba ni da komai a gabana, wannan ne ya fi zafi. Gaskiyar ita ce ban taɓa zaton ɗan gida yana da labari na biyu ba. Baƙi muke tambaya. Wanda aka haifa a gabanmu muna ganin mun riga mun san abin da ke cikinsa.

Na yi tunanin yadda zan tunkari Allangba. In na shiga shagonsa a matsayin yaya, zai ce yana da aiki. Sai na yafa babban zanena na taro, na sa takalmin fita, na tsaya a ƙofarsa na tafa hannu kamar wanda ya zo daga wani gari. Na same shi yana haɗa akwatin gawa. Ya ɗago ya ce, “Yaya, wa ya mutu?”

Na ce, “Haka ake tarbar baƙo a garin nan?”

Ya dube ni, ya kawo kujera, ya kawo ruwa, ya tambayi labari. Na ce ba komai, gaisuwa ce. Nan ya gane inda na dosa. Ya ce madalla, ya koma ya ɗauki zarto. Ya ƙi tambayar na biyu. Ni kuma na ƙi neman hanya. Kin san baƙon da bai nemi hanya ba ba a korarsa.

Kwana uku, Ahou. Ina zaune cikin akwatunan gawa da zanen taro, masu wucewa suna rage murya. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, “Baba Kangah, awo aka zo yi?” Na ce mata ina duba wanda zai fi daɗin kwanciya ne. Allangba ya dafa mini doya da hannunsa, ya ƙona ta, ina jin da gangan. Na cinye na yaba.

Rana ta uku da hantsi ya ajiye zarto, ya goge hannu a wando, ya zauna a kan wani katako. Ya ce, “Ka ci ni, tsoho. Na biyun fa?”

Na faɗa masa yadda kika faɗa mini, ban rage ba, ban yi ado ba. Da na kai kan makulli sai ya ce, “Yana da rai?”

“Yana da rai.”

Can sai na ji ya ce, a hankali kamar mai magana da katako, “Mita ɗaya da saba'in da takwas.” Yana faɗa ya sa hannu ya toshe bakinsa. Ya ce, “Idon ne, Yaya. Shekara arba'in yana auna mutane, ba ya neman izinina.” Na ga ƙanena a jana'izar matarsa, bai girgiza ba. Ran nan kuwa ya girgiza.

Zai zo. Amma ki ji da wace niyya, don kada ki ce na ɓoye. Ya ce ba zai je wata 'yar Agni ta gaya masa abin nan daidai ne ba. Zai ɗauko yaron ya kai shi sansanin addu'a can bayan gari, wata uku, a cire masa abin. Ban yi masa musu ba, don na ga in na taɓa shi zai koma ya zauna. Za mu shigo motar Juma'a.

Allah ya sa mu same ku lafiya.

Yayanki,
Kangah


Yopougon, 14 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. In Allangba ya ambaci sansanin addu'a a tsakar gidana, akwai bahon ruwan kifi na kwana biyu yana jiransa. Ka gaya masa da kunnenka mai ji.

Na kai wa Madam maganar a guje, ita ko a jikinta. Ta ce ya zo da duk abin da ya taso shi, rabin mutanen bencinta ɗaukar yaransu suka zo yi ranar farko. Amma ta kafa sharaɗi. Ba zai ga Loukou ba sai Loukou ya ce a bari, kuma ba mai fita da shi ko'ina. Na tambayi yaron, ya ce ba yanzu ba. Don haka ranar Asabar ku biyu za ku je, ni ina gida tare da shi. Ba na barinsa shi kaɗai tukuna.

Jiya ya ci rabin kwanon aceke, dambun rogon nan, da kan kifi. Na shiga ɗaki na yi kukana don kada ya ga ina ƙirga masa loma.

Ku taho da doya. Ta Abidjan ruwa ce zalla.

Ahou


Dimbokro, 19 ga Yuni

Ƙanwata Ahou,

Na iso lafiya, na gode da ɗawainiya. Ki gaya wa Loukou na ji amsarsa ta bayan ƙofa, kunnena na dama ya yi mini wannan alfarma.

Da na dawo ɗaukar jakata kin tare ni kin ce, “Yaya aka yi a can?” Na ce miki mota za ta tashi. Motar ba ta tashi ba sai bayan awa biyu. Bakina ne ya ƙi. Ni da ake cewa in na fara magana kaji suna shiga akurki kafin in kai tsakiya. Ga shi a rubuce.

Ɗakin bai kai ɗakin sayar da tikiti na tasharmu ba. Benci huɗu, fanka ɗaya mai juya wuya, mu goma sha biyu. Wani dattijo mai miƙaƙƙen baya yana bin mutane da ruwa a kan faranti, yana ɗan rusunawa. Madam Ettien ba ta kai kafaɗar Allangba ba. Tana ganinmu ta ce, “Baule biyu rana ɗaya? Wa kuka bar wa gadin gonata?”

Allangba ya ce, “Agni ta taɓa shuka ko barkono? Sai dai ado da ciwon baya.”

Ta ce, “Wannan bawan yana da baki. Ku ba shi wuri kusa da ni.”

Ta tambayi labari, ɗaya bayan ɗaya. Ba komai, ba komai, har sau goma sha biyu. Sai ta bari fankar ta je ta dawo, ta ce, “Na biyun fa?”

Ahou, a nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ni in na tambayi na biyu, amsar da zan bayar tana bakina tun kafin mutum ya buɗe nasa. Ita ba ta riƙe komai a baki. Ta tambaya, ta ɗora hannuwa a cinya, ta jira. Shirun ya yi nauyi har na so in cika shi da wani abu, kamar yadda na saba. Ita ta bar shi. Sai mutane suka fara sauke kaya a cikinsa.

Wata Hajiya Matenin, mai sayar da atamfa a Adjamé, ita 'yarta ce ke son mata 'yan'uwanta. Ta ce, “Har yau ban gane ba. Duk sallah sai na tambayi Allah. Amma ranar Lahadi na yi mata kitso, rabona da taɓa kanta shekara biyu. Gashin ya yi laushi kamar na jariri.” Wani direban tasi ya ce ya taɓa dukan ɗansa a kan wannan, yanzu ko burodi ya miƙa masa sai yaron ya kare fuska. Ba wanda ya ce masa “ba komai.” Wata ta matsa kusa da shi kawai.

Sai dattijon nan mai ruwa ya ajiye faranti. Sunansa Gnaoré. Shi ne mutumin kwastan na labarin mai ayaba, na tambaya an tabbatar mini. Ya ce, “Saboda baƙi zan maimaita. Shekara talatin ba jakar da ta wuce gabana ban buɗe ba. Ɗana Zadi ya yi shekara shida yana ce mini ba komai, ina cewa madalla. Watan gobe shekara takwas da binne shi.” Bai yi kuka ba. Ina jin ya gama nasa tuntuni. Ya ɗauki farantinsa ya tsaya a gaban Allangba, ya sake cika masa kofi.

Allangba ya miƙe tsaye kamar a kotu. Ya ce, “Ni tambaya ce da ni. A cikinku wa aka warkar wa da ɗa?”

Madam ta ce, “Abin da nake wa magani shi ne rashin barci, rashin ci, da son mutuwa. Wannan da kake nufi ba cuta ba ne, ba ni da maganinsa. Wanda ya ce maka yana da shi zai dawo maka da yaro a karye. Uku na karɓa daga irin wurin nan, ɗaya har yau ba ya iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa.”

“To don me aka kira ni?”

“Ba a kira ka ka ce ka yarda ba, bawana. An kira ka ka zauna.”

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna. Da layi ya zo kansa ta ce na biyun fa, ya ce ba shi da shi. Ta ce, “To, sai Asabar,” ta wuce kan na gaba. Ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Da ni ne da na matsa masa, da kuma na rasa shi.

Ni ma ta tambaye ni. Na ba da labarin benci da zuwa uku. Karo na farko ke nan da na yi magana a taro ba wanda ya yi dariya.

Da aka watse na neme shi ban gan shi ba. Ashe yana durƙushe a ƙarƙashin benci, Gnaoré yana riƙe masa gefe. Wai ƙafa ɗaya tana rawa. A tasha ya ce mini, “Ka tafi, Yaya. Bencin nan sai an sake masa ƙafa, ba aikin rana ɗaya ba ne.” Bencin da zai gyara kafin shayi ya huce.

Bai ƙara ambaton sansanin ba, amma bai ce ya fasa ba. Ki rubuto mini me yake yi a gidanki.

Yayanki,
Kangah


Yopougon, 9 ga Yuli

Yaya Kangah,

Gaisuwa, da haƙuri na daɗe ban rubuto ba. Ban so in ba ka labari rabi.

Ƙanenka ya tare a ɗakin da nake ajiye baho da gawayi. Ya gyara bencin Madam, ya gyara teburina, ya gyara tagogin maƙwabta biyu, har kujerar da na yi niyyar hura wuta da ita ya tashe ta. Duk ƙusar da zai buga sai a gefen tagar Loukou. Yaron yana kallonsa ta labule, shi yana yi kamar bai sani ba. Ya koma Asabar ta biyu da ta uku. Ta biyun ya dawo ido jajir, ya ce garin katako ne. Na ce i, na Abidjan yana da yaji.

Duk Talata Madam tana tambayar Loukou ko ya shirya. Wannan makon ya ce a bar shi ya shigo, amma Gwaggo kada ta yi nisa.

Ranar Alhamis da hantsi Allangba ya yi wanka, ya sa rigar coci, ya ce in ara masa kofin da nake ba baƙi. Ya cika shi da ruwa. Na tambaye shi ina zai kai shi. Ya ɗauki kujera a hannu ɗaya, kofi a ɗaya, ya tsaya a ƙofar ɗansa. Hannu biyu a cike, ya kasa tafawa, sai ya yi gyaran murya. Yaya, ka taɓa ganin uba ya kai wa ɗansa ruwa? Ni na kai sittin da biyu ban gani ba.

Na zauna a bakin murhu inda nake jin komai. Ya ce, “Sha.” Na ji ya sha. Ya ce, “Labari?” Loukou ya ce, “Ba komai, Baba.” Kifi uku suka ƙone a kaskona ban motsa ba.

Can na ji, “Na biyun fa, ɗana?”

Loukou ya ce, “Mai tsawo ne, Baba.”

Ya ce, “Na rufe shago.”

Sun kai har rana ta karkata. Yaron ne ke magana, uban sai “uhm”. Sau ɗaya muryarsa ta tashi, na ji ya ce, “A gidana?” Na ɗauki taɓarya. Sai na ji ya ja numfashi ya ce, “Ci gaba, ina ji.” Na ajiye.

A ƙarshe ga abin da ya ce, na haddace maka shi. “Kaina katako ne. Abin nan bai shige shi ba, wataƙila ba zai taɓa shiga ba. Amma ba inda zan kai ka, ba kuma wanda zai taɓa ka. Hanyar nan da na ba ka duka, ka maido mini rabi.” Ban ji amsar yaron ba. Na dai ji uban ya leƙo ya ce, “Ahou, ba a daka sakwara a gidan nan ne?” Na daka da doyarku. Kwano ɗaya suka ci.

Da zai fita ya ga takardar nan a manne a bango. Ya tambaya, aka faɗa masa. Ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa ya rubuta lambarsa a layi na uku, manya-manya kamar zai yanka wurin da zarto.

Kada ka ce an gama. Ranar Asabar Loukou ya sake kwana ya wuni a kwance bai ce uffan ba. Madam ta ce haka ciwon yake, yana tafiya yana waiwaye, magani da zuwa Talata ba fashi. Allangba kuma har yanzu in yaron ya ambaci sunan abokinsa sai ya tashi neman guduma. Jiya sun yi cacar baki da Madam har ta ce za ta sayar da shi. Amma ranar da yaron ya kwanta ɗin nan, uban ne ya zauna a bakin ƙofa yana fere wani icce da ba wanda ya san amfaninsa, bai ce masa tashi ba.

Zai dawo Dimbokro jibi, aiki ya taru masa. Ya ce duk sati biyu zai shigo motar Juma'a.

Ƙanwarka,
Ahou


Dimbokro, 2 ga Agusta

Ƙanwata Ahou,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Labarin ya riga wasiƙarki zaga gari, kowa da irin nasa. Drissa ya ce Allangba ya durƙusa gaban ɗansa. Matar maƙwabci ta ce ya yi kuka har aka ji a titi, ko da yake ban san yadda kunnenta ya kai Yopougon ba. Wasu a coci sun daina gaishe shi, ya ce dama gaisuwarsu ba ta taɓa riƙe masa katako ba. Shi kansa na tambaye shi, na farko da na biyu, ya ce, “Na kai ruwa, an sha.” Iyakar abin da na samu ke nan.

Jiya wani ya sake ba ni labarin, a layi biyar. Ya ce uban bai durƙusa ba, bai yi kuka ba, tambaya kawai ya yi ya jira. Ya ce akwai ranakun da har yanzu ba su da daɗi. Sannan ya roƙe ni in je ɗakinsa in duba ƙarƙashin katifa, in aiko masa da takardar haihuwarsa da sakamakon makaranta, don yana so ya yi rajistar jarrabawa ta baɗi.

Baɗi, Ahou. Na karanta kalmar nan sau huɗu.

Takardun suna cikin ambulan ɗin nan, ki miƙa masa hannu da hannu. Wanda ya ba ni labarin na ƙarshe shi ne Loukou ɗan Allangba, da rubutun hannunsa.

Yayanki,
Kangah